Fatalwar Little Bay: Martani Ga Mai Son A Sayar Da Tsoro A Gidan Tarihin Jinya

Akwai wata makala da ta yi ta yawo kwanakin nan, wadda marubucinta ya tsaya tsayin daka wajen kare labarin fatalwar da ake cewa ana gani a harabar tsohon asibitin Prince Henry, inda gidan tarihin aikin jinya yake a yau, a unguwar Little Bay da ke bakin teku, kimanin kilomita 14 kudu maso gabas da tsakiyar birnin Sidni na Ostireliya. Rubutun yana da daɗin karatu, ba na musun wannan. Malamin ya iya jera magana, ya san inda zai rage murya da inda zai bar mai karatu da tashin tsigar jiki. Sai dai daɗin baki daban, hujja daban, kuma abin da yake nema a ƙarshen rubutun nasa ya wuce a saurari labari a watse. So yake a amince cewa matattun ma'aikatan jinya suna zagaya wurin har gobe, sannan a mai da wannan amincewa abin tallar gidan tarihin. A nan ne muka raba gari.

Adalci shi ne a fara ajiye maganarsa yadda ya faɗe ta. Ya ce masu ba da labarin nan ba 'yan zaman kashe wando ba ne. Yawancinsu nas-nas ne da suka shekara suna aikin dare, mutanen da aka horar su lura da komai, waɗanda suka saba da gawa har ba ta ba su tsoro. Idan irin waɗannan suka ce sun ji takun sahu a barandar da babu kowa, ko sanyi ya lulluɓe su a ɗakin da tagoginsa ke rufe, ko sun ji kamar wata tsohuwar nas da ake kira Gracie tana tsaye a bayansu tana duba aikinsu, to wane ne shi da zai ƙaryata su? Ruwa ba ya tsami banza, in ji shi. Ya ƙara da cewa ba a Sidni kaɗai ake jin irin wannan ba, har Landan da Meziko akwai shi, kuma mutanen da ba su san juna ba ai ba za su haɗa baki a kan ƙarya ɗaya ba. Ya kawo maganar na'urori da hotunan masu farautar fatalwa, ya tunatar da mu cewa kimiyya ba ta gama sanin komai ba. Ya taɓo addini, ya ce mai musun wannan ya kama hanyar musun gaibu. Daga ƙarshe ya sassauta murya ya ce, to ko da a ce duk ƙanzon kurege ne, wa aka cuta? Ƙananan gidajen tarihi na fama da rashin kuɗi, fatalwa kuwa tana kawo masu sayen tikiti. Wannan ita ce maganarsa, kuma ban rage mata komai ba.

Mu fara da shaidun, domin nan ne ginin nasa ya fi kauri. Babu wanda ya ce nas-nas ɗin ƙarya suke yi, kuma marubucin ya yi wa masu ja da shi rashin adalci da ya nuna kamar zaɓi biyu ne kawai: ko a yarda da fatalwa, ko a kira baiwar Allah maƙaryaciya. Mutum yakan faɗi gaskiyar abin da ya ji, amma ya yi kuskure wajen sanin abin da ya jawo jin. Majinyacin da aka yanke wa ƙafa yana cewa babban yatsansa na yi masa ƙaiƙayi, kuma ba ƙarya yake ba, alhali yatsan ya daɗe da rabuwa da shi. Kowace nas da ta yi aiki a sashen ƙashi ta san wannan. Tana tausaya masa, ta ba shi magani, amma ba ta rubuta a fayil cewa ƙafar ta dawo. Abin da ya kamata a tambaya shi ne: a wane hali mai shaidar take lokacin da ta ji abin da ta ji? Amsar tana cikin rubutun malamin kansa, bai dai lura ba. Da dare ne. Tsakanin ƙarfe biyu zuwa huɗu na asuba, a dare na uku ko na huɗu a jere, fitila an rage ta don majinyata su yi barci, jiki na kiran gado, ido na buɗe da ƙyar. A 1984 wani masanin barci da aikin dare mai suna Simon Folkard da abokan aikinsa sun buga sakamakon tambayar da suka yi wa nas-nas masu aikin dare a Ingila, inda kimanin kashi 12 cikin 100 suka ce ya taɓa faruwa da su suna zaune a bakin aiki, suna jin komai suna ganin komai, amma gaɓoɓinsu suka ƙi motsi na ɗan lokaci. Bahaushe bai buƙaci a yi masa dogon bayani ba, ya daɗe da raɗa wa wannan suna dannau, kuma ya san shi da zuwa tare da jin kamar akwai wani a ɗakin. Ashe sana'ar da marubucin yake kafa hujja da ita ita ce ta fi jefa mai ita cikin halin da ƙwaƙwalwa ke haɗa barci da farke. Horon da aka ba nas na karanta ma'aunin zafin jiki da ƙirga bugun zuciya ne. Ba a taɓa horar da ɗan Adam ya fi ƙarfin rashin barci ba.

Sannan akwai abin da aka riga aka zuba wa mutum a kunne kafin ya shiga wurin. A 1997 wasu masu bincike biyu a Amurka, Rense Lange da James Houran, sun kai mutum 22 wani tsohon gidan wasan kwaikwayo a jihar Illinois. Rabinsu aka ce musu wurin yana da fatalwa, ɗaya rabin aka ce musu gyara kawai ake yi wa ginin. Gini ɗaya, ɗakuna ɗaya, duhu ɗaya. Da aka fito, waɗanda aka ce wa akwai fatalwa su suka fi ba da labarin jin abubuwan ban mamaki. To a dubi ɗalibar jinya 'yar shekara goma sha takwas, wadda tun makonta na farko manyanta suka zaunar da ita a ɗakin shan shayi suka ba ta labarin Gracie, sannan aka tura ta ita kaɗai ɗauko zanin gado a ƙarshen baranda da tsakar dare, ga iskar teku na kaɗa tsofaffin tagogi. Me ake tsammanin za ta ji? Abin mamaki shi ne a ce ba ta ji komai ba. Idan ta ji, gobe ta faɗa wa ta bayanta, marubucinmu kuma ya ƙirga su a matsayin shaidu biyu. Shekara hamsin ana haka, sai ya ce ga shaidu ɗari. Ko a kotun gargajiya an san cewa wanda ya ji daga wanda ya ji ba ya ƙara wa shaida nauyi, sai dai ya ƙara mata tsawo.

Wannan ya kai mu ga hujjarsa ta biyu, wadda yake ganin ita ce takobinsa, alhali ita ce ta fi yankar hannunsa. Gaskiya ne a asibitin St Thomas na Landan ana labarin wata mata mai tufafi ruwan toka da ke bayyana ga majinyatan da ajalinsu ya kusa. Gaskiya ne a tsohon asibitin sojoji na Aldershot akwai irinta. Gaskiya ne a asibitin Juárez na birnin Meziko ana labarin wata nas da suke kira La Planchada, wato mai gogaggun kaya. Amma a duba ƙirar labaran. Kusan kullum mace ce, kusan kullum da kayan aiki irin na da, sau da yawa an ce ta yi kuskuren magani ko ta yi sakaci wani ya mutu, baƙin ciki ya kashe ta, ta dawo tana biyan bashi. Idan labari ɗaya, da zubi ɗaya, ya bayyana a ƙasashe daban-daban yana canza suna da rigar sawa kawai, masana adabin baka suna da suna da suke kiransa, kuma sunan ba shaida ba ne, tatsuniya ce mai ƙafa. Duk wanda ya yi makarantar kwana a Najeriya ko Gana ya ji labarin Madam Koi Koi, malamar nan mai takalmi ƙwas-ƙwas da ke bin ɗakunan kwanan ɗalibai da dare. Kowace makaranta tana rantsuwa a wurinta abin ya faru. Shin malamin zai ce yawan makarantun ya tabbatar da ita? In haka ne, to baiwar Allah nan ta fi kowane sufeto na ma'aikatar ilimi ƙwazon zagaye. Labarin yana yaɗuwa ne saboda yana yi wa masu ba da shi aiki: yana ba tsoron dare suna, yana haɗa kan sababbi da tsofaffi, a asibiti kuma yana ɗauke da gargaɗin da kowace nas ke kwana da shi a zuciya, wato kada hannunta ya zama ajalin wani. Wannan abin nazari ne mai daraja, kuma gidan tarihi yana da damar ya ajiye shi a matsayin adabin bakan ma'aikatan jinya. Abin da ba shi da dama shi ne ya rataya masa allon da ke cewa haka abin ya faru.

Maganar na'urori ba ta buƙatar dogon tsayawa. Ƙaramar na'urar da masu farautar fatalwa ke riƙewa tana walƙiya an ƙera ta ne don gano inda wayar lantarki ke fitar da maganaɗisu, kuma a tsohon ginin asibiti mai cike da tsofaffin wayoyi, rashin walƙiyarta ne zai zama labari. Farin ɗigon da ke fitowa a hoto ƙura ce ko ƙwaro da hasken kyamara ya haska dab da gilashi. Akwatin da suke cewa matattu na magana ta cikinsa rediyo ne da aka sa ya riƙa tsallake tashoshi da sauri, kunne kuma ya tsinci kalmar da yake jira. Wa ya taɓa kama fatalwa ya auna ta, har aka san cewa ga abin da take fitarwa, kafin a ƙera na'urar gano ta? Mai awo da mudun da ba a taɓa gwada shi da komai ba, duk abin da ya ce ya auna shi ne.

Inda ya ce kimiyya ba ta gama sanin komai ba, na yarda da shi ɗari bisa ɗari, har ma zan taya shi da misali. Wani injiniya ɗan Ingila, Vic Tandy, yana aiki da dare a ɗakin gwaji na wani kamfanin ƙera kayan asibiti a Warwick, sai ya ji zufa mai sanyi ta keto masa, ya hango wani abu ruwan toka a gefen idonsa, da ya juya ya ɓace. Washegari ya kawo siririn takobinsa na wasa ya ɗaure a maƙalin tebur don ya gyara, sai ya ga ruwan takobin yana ta karkarwa shi kaɗai. Maimakon ya ruga ya kira 'yan jarida, sai ya riƙa jan takobin daga wannan kusurwa zuwa waccan yana duba inda karkarwar ta fi ƙarfi, har ya gano wata sabuwar fanka mai zuƙe iska tana fitar da sauti mai girgiza kusan 19 a daƙiƙa, ƙasa da abin da kunne ke kamawa. Aka gyara fankar, abin ya daina. Ya buga labarin a 1998. Amma ga inda kimiyya ta bambanta da rubutun malaminmu: ba ta tsaya ta ce shi ke nan an gano ba. Farfesa Chris French na Jami'ar Landan da abokansa sun gina ɗaki na musamman, suka sa mutum 79 ɗaya bayan ɗaya a ciki, wasu da irin wannan sauti, wasu da maganaɗisu, wasu ba komai. Sakamakon da suka buga a 2009 ya nuna yawancinsu sun ji wani baƙon abu, jiri ko tashin tsigar jiki ko kamar akwai wani a ɗakin, amma jin bai da alaƙa da ko an kunna na'ura ko ba a kunna ba. Ya fi bin yadda mutum yake da saurin ɗaukar abin da aka raya masa. Wato masana sun gwada bayanin da suke so, ya gaza, suka faɗa da bakinsu. Yaushe mai kare fatalwa ya taɓa fitowa ya ce ga gwajin da in ya gaza zan janye maganata? Rashin sanin dalilin ƙara a baranda rashin sani ne kawai. Tsallakawa daga "ban san mene ne ba" zuwa "marigayiya wance ce" ba tawali'u ba ne a gaban abin da ba a sani ba; da'awar sani ce mafi girma a duk muhawarar, har da suna da muƙami.

Kuma gaggawar kiran abu fatalwa takan iya cin rai. A 1921 wani likitan ido a Amurka, William Wilmer, ya buga labarin wani iyali da suka tare a tsohon gida, suka riƙa jin takun sahu da motsin kaya da dare, suna ganin mutane a gindin gado, yaran suna rama, har shukokin cikin gida suna bushewa. Da aka duba, tukunyar ɗumama gidan ce ta lalace tana zuba musu iska mai guba, irin wadda ke cikin hayaƙin janareta, wadda mu ma a nan Najeriya ta sha kwantar da iyali guda a dare ɗaya. Aka gyara, baƙin dare suka daina zuwa. Da sun bi shawarar irin marubucinmu suka rungumi abin al'ajabi, da gawarsu aka fitar.

Batun addini kuwa, da malamin bai taɓo shi ba da ya fi masa. Imani da gaibu bai taɓa nufin gaskata duk abin da aka ce an gani a duhu ba. Musulmi ya yi imani da mala'iku da aljanu saboda nassi ya zo da su, kuma nassin nan da kansa ya koyar da cewa wanda ya mutu yana barzahu, akwai shamaki tsakaninsa da duniya har ranar tashi. Malamanmu ba su taɓa karantar da cewa ran mamaci yana komawa wurin aikinsa ya ci gaba da duba fayil ba. Hoton fatalwa mai fararen kaya da ke bin baranda saboda ta bar aiki bai ƙare ba, kayan Turawa ne, wanda ya yi ƙarfi da guguwar masu kiran ruhohi da ta taso a 1848 daga gidan 'yan matan Fox a jihar New York. Ɗaya daga cikinsu, Margaret, ta tsaya gaban jama'a a 1888 ta nuna yadda suke ƙwanƙwasar da gaɓar yatsan ƙafa, ko da yake daga baya ta janye furucin. Wannan ce gonar da marubucin yake so mu tsare da sunan kare akida? Idan kuma ya koma ya ce to aljanu ne, ya rushe ginin nasa da hannunsa, domin duk rubutun nasa a kan Gracie ne da sauran matattun nas-nas, kuma ko aljanin ne, ba a san mai hankalin da ke yanka masa tikiti ba.

Akwai wani abu guda da ya cancanci a yi masa magana a hankali, domin a ciki akwai ciwo na gaske. A 1971 wani likita a Wales, Dewi Rees, ya tattauna da mata da maza 293 da abokan zamansu suka rasu, ya samu kusan rabinsu sun taɓa jin kamar mamacin yana kusa, wasu har sun ji muryarsa ko sun gan shi, kuma yawancinsu abin ya sanyaya musu zuciya. Tsohuwar nas da ta yi ƙuruciyarta a Little Bay, ta rufe idon majinyata da yawa a can, ta ga an rufe asibitin a farkon shekarun 2000 an mai da ayyukansa Randwick, filin kuma ya cika da sababbin gidajen kwana, idan ta shiga tsohon ɗakin jinya ta ji kamar abokan aikinta suna nan, wannan kewa ce, kuma babu mai hankalin da zai yi mata dariya. Amma kewa kayan mai ita ce. Ɗaukarta a buga a takardar talla, a kashe fitila a kawo baƙi su yi ihu, wannan ba girmama ta ba ne.

Saura tambayarsa ta ƙarshe, wa aka cuta. Tunda ya tambaya, bari a ƙirga masa. An kafa asibitin nan a 1881, lokacin da cutar agana ta ɓarke a Sidni, aka zaɓi wuri mai nisa da gari da gangan don a nisanta masu cutar da jama'a. Asibitin Gaɓar Teku ake kiransa a lokacin, sai a 1934 aka sauya masa suna don ziyarar Yarima Henry, ɗan Sarkin Ingila. Duk cutar da gari ke gudu, can ake kai ta: agana, da maƙarau, da taifot, da tarin fuka, da ɗa'unin da ya shiga Sidni a 1900 ya kama mutum 303 ya kashe 103 a shekarar kaɗai, sannan ya yi ta dawowa. Can aka keɓe kutare, da yawansu 'yan China, wasu har ƙarshen rayuwarsu. Can aka kwantar da masu murar nan ta duniya da ta isa Ostireliya a 1919, wadda kakanninmu a ƙasar Hausa suka sani da marisuwa. Can aka yi jinyar yaran da shan inna ya kama, wasu a cikin huhun ƙarfe, wani dogon akwati mai kama da ganga da ake zura yaro ciki, kansa kaɗai a waje, inji yana matsa iska yana saki don ƙirjinsa ya motsa, nas kuma tana share masa hawaye saboda hannunsa ba ya ɗaguwa. Irin wannan akwati yana cikin kayan da gidan tarihin ya adana. Can gaba kaɗan, a kan tudun bakin teku, akwai maƙabartar asibitin, inda aka binne mutane kusan dubu biyu, yawancinsu babu ko alamar kabari a yau. 'Yan matan da suka yi wannan aiki kafin a samu maganin kashe ƙwayoyin cuta suna shiga ɗakin da iyayen majinyaci ba sa iya shiga, kuma akwai waɗanda cutar ta kama. Waɗannan su ne mutanen Little Bay. Baƙon da ya zo ya yi awa biyu yana jiran ƙofa ta motsa, ya tafi da sunan Gracie a baki, bai san ɗaya daga cikinsu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ga wanda aka cuta nan.

Mu kawo abin kusa don a ji zafinsa. A 2014 Dakta Stella Adadevoh da wasu ma'aikatan jinya sun rasa rayukansu a Legas wajen tare cutar Ebola kada ta bazu cikin gari. A ce nan da shekara tamanin an buɗe gidan tarihi don tunawa da su, sai wani marubuci ya ba da shawarar a riƙa kashe fitila ana kai matasa su saurari takun sahunsu, ana sayar da tikiti. Wa zai kira wannan karramawa? Me ya sa abin da ba za mu yarda a yi wa namu ba ya zama nishaɗi marar illa idan matattun na wata ƙasa ne, ko na wani ƙarni?

Cutarwa ta biyu ta fi wannan zurfi, domin sana'ar kanta ta shafa. Aikin jinya na zamani ya tsaya da ƙafarsa ne ranar da ya daina yarda da "an ce" ya koma ga lura da rubutawa. Florence Nightingale, wadda ta aza harsashinsa, ta isa asibitin yaƙi na Scutari a Nuwamban 1854 da mata 38, ta tarar cuta tana kashe sojojin Ingila fiye da yadda harsashi ke kashe su nesa ba kusa ba. Kwamitin tsafta da ya zo a Maris na 1855 ya buɗe magudanan ƙazanta, har mushen doki aka ciro daga hanyar ruwan da asibitin ke sha. Bayan yaƙi ta zauna da alƙaluma tana ƙirga wa ya mutu, yaushe, da wane dalili, ta zana su yadda ko ɗan majalisa mai gaggawa zai gane. Ita kanta ta daɗe tana ganin mugun wari ne ke kawo cuta, kuma ta yi kuskure a nan, amma ɗabi'ar ƙirgawa ta fi ƙarfin kuskuren. Daga makarantar da ta kafa a St Thomas a 1860 aka turo Lucy Osburn da nas-nas biyar zuwa Sidni a 1868, suka dasa wannan tarbiyya a can. A Sidni ɗin dai likita John Ashburton Thompson ya bi sawun ɗa'uni gida-gida, yana haɗa inda aka tsinci matattun ɓeraye da inda mutane suka kwanta, har aikinsa ya taimaka wajen tabbatar da cewa ɓera da ƙumarsa ne ke yaɗa cutar. Wannan ne gadon da gidan tarihin jinya ke riƙe da shi: in ka ji abu, je ka duba; in ka duba, rubuta abin da ka gani, kada ka ƙara. Nas da za ta rubuta a rahoton miƙa aiki cewa majinyacin gado na shida ya rasu saboda mai tufafi ruwan toka ta ziyarce shi, ba za ta kai ƙarshen wata a bakin aiki ba. Ta yaya abin da zai sa a sallami nas daga ɗakin jinya zai zama abin da za a yi wa gidan tarihinta talla da shi?

Na san kuɗi matsala ne, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Ƙungiyar tsofaffin nas-nas na asibitin ce ke riƙe da gidan, da aikin sa kai, kuma rufin gini ba ya gyaruwa da kyakkyawar niyya. Sai dai mai zuwa don tsoro, tsoro zai nema, kuma bana ya ji taku, baɗi sai an ba shi ihu kafin ya dawo. Wanda ya fara wannan ciniki ba shi ke yanke inda zai tsaya ba. Gidan tarihi jarinsa ɗaya ne, wato idan ya ce abu ya faru a yarda, kuma allon da ke bayanin huhun ƙarfe ba zai ci gaba da nauyinsa ba idan na kusa da shi yana bayanin inda fatalwa ta fi tsayawa. In ana son yawon dare, ai dare yana da tarihinsa na gaskiya a wurin: a rage fitila, a nuna wa baƙi yadda nas ɗaya ke zagaya dogon ɗaki da 'yar fitila a hannu tana sauraron numfashin yara masu maƙarau, a karanta musu abin da littattafan aiki suka rubuta. A ba su labarin Gracie ma, a ce musu ga abin da nas-nas ke tsorata junansu da shi a daren aiki, ga kuma irinsa a Landan da Meziko.

Ga marubucin kuwa, shawarata ita ce ya koma Little Bay da rana tsaka. Ya wuce barandar da yake ta ba mu labari, ya bi hanyar tudu zuwa maƙabartar, ya tsuguna ya karanta 'yan duwatsun da suka saura, da shekarun da aka rubuta a kansu. In ya dawo, ya rubuta mana makala a kan waɗannan, za mu karanta.